Jinin Da Roka Ta Zubar, A Wuyan Wa Yake?

Malaman fiƙihu na dauri, Allah ya jiƙan su da rahama, sun yi dogon nazari a kan mutumin da ya haƙa rami a kan hanyar jama'a wani ya faɗa ciki ya mutu, da wanda ya kafa tarko inda bai kamata ba, da wanda ya kora dabbarsa ta tattake yaro, domin sun lura akwai kisan da ke aukuwa alhali hannun mai kisan ba ya wurin a sa'ad da rai yake fita. Amma ba na tsammanin ya taɓa ɗarsuwa a zukatansu cewa wani zamani zai zo da za a ƙera ƙarfe a koya masa ya yi barci, ya farka a lokacin da aka ƙayyade masa, sa'an nan ya yi kisa da zarar ya taɓa abu, ba tare da ya sake jiran iznin kowa ba. Wannan zamani shi ne namu, kuma mas'alar da nake so mu tattauna ita ce, idan irin wannan ƙarfe ya zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba, a wuyan wa jinin yake, tun da shi ƙarfe ba mukallafi ba ne, ba kuwa za a tashe shi ranar hisabi a tambaye shi ba.

Mas'alar ba ta nesa ba ce gare mu mazauna Hayin Banki, gama Kaduna tun kafuwarta garin soja ce. Gwamna Lugga ya fara zaunar da dakarunsa a nan kafin a mai da ita hedikwatar Arewa a 1917, kuma a cikin shekara guda, watau 1964, aka kafa makarantar horon hafsoshi ta NDA, da rundunar mayaƙan sama, da ma'aikatar ƙera makamai ta DICON da ke Kakuri a ƙetaren kogi. Unguwarmu tana zaune ne a tsakiyar wannan sha'ani, ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga sansanin sojan sama ta wajen Mando, jiragen koyon tuƙi kuwa suna ratsa samaniyarmu har yara sun daina ɗaga kai. A sahun salla kafaɗar soja tana gogar ta farar hula, muna aurar musu suna aurar mana, in aka kawo gawar ɗayansu daga daji da mu ake sallatarta. Saboda haka abin da zan faɗa nasihar maƙwabci ce, kuma nasiha tana daga cikin haƙƙoƙin maƙwabtaka.

Tun da hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, kamar yadda malaman usulu suka tabbatar, wajibi ne mu fara sanin yadda abin yake aiki. Ita roka, ko ta kafaɗa ce irin RPG-7 da Rasha ta fitar a 1961, wadda yau take hannun soja take kuma hannun ɓarayin daji, ko ta mota ce irin Grad mai bututu 40 da ke jifa har wajen kilomita 20, ko kuwa wadda ake ratayawa ƙarƙashin fiffiken jirgi, kashi biyu ce: gindi mai turawa da kai mai fashewa. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, nakiyar da ke cikin kan roka da gangan aka zaɓe ta mai nauyin jiki, wadda jijjigar mota ba ta tashinta, faɗuwa ma ba ta tashinta, har sai an doke ta da wata 'yar fashewa ƙarama. Mai wannan aiki shi ne ɗan abin da sojoji ke kira fiyus, wanda sau da yawa ana iya rufe shi cikin tafin hannu, ana ɗaura shi a hancin roka ko a bayan nakiyar. A cikinsa akwai 'yar ƙwayar albarushi mai saurin fushi, ita ce ke kunna na biye da ita, shi kuma ya kunna babbar nakiya, silsila ce mai hawa-hawa daga ƙarami zuwa babba. Kuma dukan hikimar maƙera ta tattaru ne a kan yadda za a raba wannan ƙwaya mai saurin fushi da sauran silsilar har sai lokaci ya yi.

Dabarar da suka yi ita ce, sun ɗora ƙwayar a kan wani ɗan faifai da aka karkatar aka kulle, har ya zamana akwai shamakin ƙarfe tsakaninta da babbar nakiya, ta yadda ko da ta tashi bisa kuskure a cikin rumbun ajiya, wutarta ba ta da hanyar ƙetarewa. A cikin wannan hali na barci roka take yin shekara da shekaru, ana ɗaukarta ana saukewa, ana loda ta a jirgin ruwa da na ƙasa. Ɗanuwa kuwa ba ta aukuwa sai fiyus ya ji a jikinsa abin da ba ya faruwa sai a harbi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan a-kori-kura direba ya fizge ta, ya san yadda jiki ke komawa da baya; haka wani ɗan nauyi da ke cikin fiyus yake komawa baya sa'ad da roka ta zabura, sai ya saki makulli na farko. Amma fizga ɗaya ba ta wadatarwa, gama rokar da ta suɓuce daga hannu ita ma tana jin bugu, sai turin ya ɗore na ɗan lokaci irin wanda faɗuwa ba ta iya kawowa. Sa'an nan ga makulli na biyu da ke jiran wata alama dabam, ko jujjuyawar roka a kan kanta, ko iskar da ke kaɗa 'yar farfela a hancinta. Bayan wannan kuma akwai haƙora irin na agogo masu jinkirta faifan har sai roka ta yi nisa da wanda ya harba ta. To, a nan ne faifai yake juyowa, ƙwaya ta daidaita da silsila, shamaki ya kau.

Daga wannan lokaci abin da ya rage shi ne taɓawa kawai. A wani irin fiyus, hancin roka ne ke lotsewa ya tura wata 'yar tsinke cikin ƙwayar. A wani kuma, roka ce ke tsayawa kwatsam, nauyin da ke ciki ya zarce gaba ya yi bugun. A na RPG-7 kuwa wani ɗan dutse ne a hanci wanda ɗabi'arsa in an matse shi ya ba da lantarki, sirrin da 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Akwai wanda ke tashi nan take, akwai wanda aka sa masa jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba domin ya huda bango ko rufi tukuna, akwai kuma wanda in bai sami abin taɓawa ba yake tashi da kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi.

Ƙa'idar da sojan Amurka da ƙawayensu na NATO suke bi wajen ƙera fiyus ta shar'anta cewa kada ya ɗanu sai da makullai biyu masu zaman kansu, kowanne yana jiran alamarsa dabam, domin in ɗaya ya ruɗu ɗaya ya tsare. Wanda ya taɓa zama a zauren alƙali zai ga inda wannan ya dosa, gama Shari'a ma, a asalin ƙa'idarta, adilai biyu take nema kafin ta zubar da jini, kuma tana tunkuɗe haddi da shubuha. Watau dai maƙeran da ba su karanta Risala ko Muhtasar ba, tsananin tsoron abin da suka ƙera ya kai su ga abin da alƙalanmu suka daɗe da sani, cewa abin da ba ya gyaruwa in ya auku ba a gina shi a kan alama guda. Wannan taka-tsantsan har yakan hana makami yin aikinsa. A yaƙin tsibiran Fokland na 1982, matuƙan jiragen Ajantina sun riƙa yin ƙasa-ƙasa don su kauce wa harbin jiragen ruwan Ingila, suna sakin bama-bamai daga kusa ƙwarai, sai da yawa daga ciki suka huda jiragen suka kwanta ba su tashi ba, saboda tazarar ba ta isa fiyus ya ɗanu ba. Wanda ya shiga jirgin ruwan Ingila mai suna Antelope sai daga baya ya tashi, a hannun masu ƙoƙarin kwance shi.

Amma mai karatu ya dubi wannan hikima duka da idon basira ya tambayi kansa, wa aka tsare da ita? Shamakin ƙarfe yana tsare mai gadin rumbu, makulli na farko yana tsare mai dako, jinkirin agogo yana tsare mai harbi da jirginsa. Kowane mataki an gina shi ne don amsa tambaya ɗaya, shin an harba ni da gaske, kuma na yi nisa da ubangidana? Tambaya ta biyu kuwa, watau wane ne wannan da na taɓa, babu ko haƙori ɗaya a cikin fiyus da aka keɓe mata, ba kuwa don mugunta ba, sai don ƙarfe ba ya iya ɗaukarta. Sulken tanka da jinkar ɗaki duk ɗaya ne a wurinsa, kafaɗar ɗan ta'adda da ta mai goyo duk taɓawa ce. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau da ya riƙe bakunansu kada ya ji wa wani ciwo, kuma abin lura a nan shi ne kariyar da ya yi umarni da ita ta mutanen kasuwa ce, waɗanda ba ruwansu da kiban. Irin wannan kariya har yau ba a ƙera ta ba, tana nan inda take tun zamanin kwari da baka, watau cikin ƙirjin mai harbi, kuma lokacinta ɗaya ne tak, kafin a saki.

A daren Lahadi 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, wadda ke iyaka da namu yankin, suna taron Mauludi, jirgin soja marar matuƙi ya sako musu wuta; waɗanda suka tsira sun shaida cewa bayan jama'a sun taru suna ɗaukar 'yan'uwansu aka sake sako ta biyu. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce adadin ya haura 120, da yawansu mata da yara, aka kwaso masu rauni zuwa asibitin Barau Dikko a cikin garin nan. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa ita ce, ta ce ta ɗauki taron a matsayin na 'yan bindiga, kuma shugabanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen da kansa ya nemi afuwa. Kafin wannan an yi na Rann a jihar Borno, ranar 17 ga Janairu 2017, inda jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, har ma'aikatan agaji na Red Cross suna cikin waɗanda suka rasu. A duka biyun makami bai saɓa wa ƙirarsa ba ko kaɗan, ya yi barci lokacin barci, ya ɗanu lokacin ɗanuwa, ya tashi a inda aka aike shi.

A wajen ta'aziyya, da kuma a majalisun ƙofar gida bayan isha'i, kalmar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce ƙaddara, wasu su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ni ban isa in yi jayayya da imani da ƙaddara ba, alherinta da sharrinta, domin rukuni ne daga rukunan imani. Bal ma aƙidar da muka taso a kanta ta fi haka zurfi. A makarantun ilmi ana karantar da Ummul Barahin ta Shaihu Sanusi, ana koya wa ɗalibi cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, wuƙa ba ta yanka da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙuna a yayin haɗuwar wuta da abin ƙonawa bisa al'adar da ya gudanar. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, shi ne ya shimfiɗa wannan da misalin wuta da auduga a raddinsa ga falasifa, Ibn Rushd ya mayar masa da martani, aka yi ta kai da komo. Bisa wannan aƙida, tsinken fiyus ba shi ne ya tashi nakiya ba, nakiyar ma ba ita ce ta zare rai ba. To, wani zai ce, in haka ne mene ne laifin ɗan yatsan da ya danna maɓalli, alhali shi ne mafi nisa a cikin silsilar sababai?

Jawabin yana cikin aƙidar kanta. Malaman da suka kore tasiri daga wuta ba su taɓa kore lamuni daga wanda ya cinna ta a rumbun maƙwabcinsa ba, domin sun tabbatar wa bawa kasabi, watau ƙudurinsa da zaɓinsa da ake yi masa sakamako a kai, kuma al'adar nan da Allah ya gudanar ita ce ainihin abin da mai cinna wuta ya dogara da shi. Maƙerin fiyus ya lissafa al'adar Allah a cikin ƙarfe da nauyi da lantarki, ya same ta ba ta saɓawa, ya gina sana'arsa a kanta. Hukuma ta saya da kuɗi masu yawa saboda ta amince ba zai saɓa ba. Mai harbi ya danna yana sakankance zai tashi. Ba ya halatta ga mutum ya jingina da al'ada sa'ad da yake son sakamako, sa'an nan in sakamakon ya zo da muni ya ce shi da al'ada ba su san juna ba. Ayar Suratul Anfal wadda ta tabbatar wa Annabi jifa ta kuma kore masa shi a numfashi guda, a kan nasarar Badar ta sauka, don ta cire jiji da kai daga zuciyar wanda ya yi galaba, kuma ban taɓa jin wani mufassiri ya mai da ita mafakar wanda ya jefi bayin Allah bisa ganganci ba. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta sauka a Sham, ya juya da mutanensa daga Sarg, Abu Ubaida ya yi masa inkari da hujjar ƙaddara, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Saboda haka kalma ɗaya ce amma hukuncinta yana bin bakin da ta fito. Matar da ta binne 'ya'yanta a Tudun Biri in ta ce haka Allah ya so, imani ne da haƙuri, ladanta kuwa ba wanda ya san iyakarsa. Wanda ya ba da umarnin harbin in ya faɗi wannan kalma don a rufe magana, ya ɗauki abin da aka saukar don sanyaya zuciyar wanda aka cuta ya yi wa kansa garkuwa da shi.

Fiƙihu ya raba tsakanin mubashir, wanda ya aikata da hannunsa, da mutasabbib, wanda ya shirya sababi, kuma asali shi ne in sun haɗu lamuni ya hau kan na farko. Amma wannan sai in mubashir mai hankali ne da zaɓi. In dabba ce ko ƙarfe, hukunci yana tsallake shi ya koma kan mutum na ƙarshe da ya yi zaɓi, shi ya sa Risalar Ibn Abi Zaid ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. Nisa ba ya sauke wannan lamuni, daɗewa ma ba ta sauke shi, kuma a nan ne sha'anin fiyus ya fi ban tsoro, gama wani lokaci yakan ɗanu ya faɗa cikin laka ko yashi bai tashi ba, ya zauna a farke shekara da shekaru, shamakinsa ya riga ya kau, ba abin da yake jira sai taɓawa. Bayan fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, wadda ta ci rai fiye da 1,000, yawancinsu a cikin magudanar ruwan Oke-Afa wajen gudu, sai da soja suka sake fita share ragowar harsasan a 2023. A ƙasar Ibo kuwa manoma suna tono na yaƙin basasa da aka gama tun 1970. Duk sa'ad da na ga yaran jari-bola suna tura kurarsu cikin lungunanmu, suna sayen kowane irin ƙarfe da awo, sai gabana ya faɗi, domin yaro bai san bambancin tsohon bututu da makamin da ke a ɗane ba. Wajibi ne iyaye da iyayen gidansu su koya musu cewa ƙarfen da aka tsinta a kusa da filin atisaye ko inda aka yi artabu ba a ɗaukarsa, ba a bugunsa, ba a jefa shi a wuta, a bar shi inda yake a sanar da hukuma. Wajibin share shi kuwa yana kan wanda ya harba.

Sai dai abin da ya fi damuna a cikin wannan sha'ani ba ƙarfen ba ne. Makamin zamani yana bi ta hannuwa da yawa, mai leƙen asiri ya kawo labari, mai duba hoto ya ce ga su, babba ya ba da izni, ƙarami ya danna, har kowa ya ga rabonsa na aikin ya yi ƙanƙanta da a kira shi kisa. Kuma horon soja, bisa larurar yaƙi, yana neman ya mai da mutum mai amsa tambaya ɗaya, shin umarni ya zo? In ya zo sai ya ɗanu, in an nuna masa wuri sai ya tashi. Garin nan ya ga ƙarshen wannan tun da daɗewa. A daren 15 ga Janairu 1966 Manjo Nzeogwu ya fitar da sojoji da sunan atisayen dare mai suna Damisa, da yawa daga cikin ƙananansu ba su san inda aka dosa ba sai da aka tsaya a gidan Firimiya, aka harba makamin fasa tanka a ginin, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu. Mazhabar Malik ba ta yarda ɗan Adam ya sauka zuwa darajar fiyus ba, domin a wurinta wanda ya tilasta kisa da wanda aka tilasta duka biyu ana kama su, ba wanda umarni yake wankewa. Kuma wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan da ke cikin Muwaɗɗa, wadda ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ga kwamanda aka yi ta, amma a hannun kowane mayaƙi take cika ko ta warware.

Wani dattijo tsohon soja da muke salla tare, wanda ya ga yaƙi da idonsa, ya taɓa ce mini, "Allah gafarta Malam, ku kuna da dare guda ku buɗe littafi, mu kuwa wani lokaci daƙiƙa goma ba mu da ita, in ka tsaya tambaya su ɓace cikin daji, gobe su dawo su kwashe 'ya'yanku." Na ce masa, "Baba, gaskiyarka," domin ba wanda ke zaune a wannan yanki zai manta da ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka sace a watan Maris 2021, ko harin da aka kai cikin NDA kanta a watan Agusta na 2021, ko na jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022. Yaƙi da waɗannan azzalumai wajibi ne, kuma malamai sun yi magana a kan majaujawar yaƙi da aka kafa wa Ɗa'ifa, sun san akwai halin da ba a iya tsame mai laifi daga marar laifi tsaf. Amma uzurin gaggawa na wanda ake harbi ne, wanda ransa yake kan siraɗi. Wanda ke zaune a ɗaki yana kallon allo, jirginsa yana iya shawagi sa'o'i a sama ba mai iya taɓa shi, shi ne mafi ƙarancin uzuri a cikin dukan mayaƙan da tarihi ya sani, gama na'urar da ta nisanta shi daga haɗari ita ce ta ba shi lokacin bincike. Suratun Nisa'i ta yi umarni da tabbatarwa ga masu fita yaƙi, ta maimaita umarnin a cikin aya guda. Abin da nake nema bai wuce abin da aka riga aka shar'anta wa ƙarfe ba, watau kada izni ya fita sai da alamu biyu masu zaman kansu, abin da ido ya gani daga sama da abin da wani ya tabbatar daga ƙasa, ko dagaci ne ko jami'in da ya san ƙauyen, wanda zai iya cewa yau daren Mauludi ne a wuri kaza.

In kuwa an yi iyakar ƙoƙari kuskure ya auku duk da haka, Shari'a ba ta bar shi ya tafi a banza ba. Kisan kuskure ba shi da ƙisasi, amma yana da diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya ga namiji Musulmi, a kan dangin da ke ɗaukar wa mutum jini, kuma Muhtasar na Halilu ya gabatar da mutanen diwani, watau abokan rajistarsa na soja da ake biyansu tare, in babu su sai dangi, in babu kowa sai baitulmali. Yana kuma da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba, wadda ba wata hukuma da za ta ɗauke wa mutum. Bayan buɗe Makka, Halidu ɗan Walidu ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar maganarsu, Annabi ya ɗaga hannuwansa ya barranta daga aikin a bainar jama'a, sa'an nan ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya kowane rai da kowace asara, har da akushin da kare ke sha a ciki kamar yadda masu Sira suka ruwaito, abin da ya saura ma ya bar musu saboda abin da ba a sani ba. Bai kuwa tuɓe Halidu daga jagorancin yaƙi ba, bai kuma ɓoye abin da ya yi ba.

An kai wa mutanen Tudun Biri gudummawa, manya sun je, an yi wa ƙauyen wasu ayyuka, Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka. Amma gudummawa kyauta ce, mai bayarwa shi ke yanke adadinta kuma ana yi masa godiya. Diyya kuwa bashi ce, Shari'a ta yanke adadinta, ana ƙidaya ta da sunan kowane mamaci ɗai-ɗai, a raba wa magadansa bisa rabon gado, matarsa da uwarsa da marayunsa kowa da kasonsa, kuma ba ta faɗuwa sai su ne suka yafe da bakinsu. A watan Mayu 2024 hedikwatar tsaro ta ba da sanarwa cewa za a gurfanar da jami'ai biyu gaban kotun soja a kan wannan al'amari. Magadan suna da haƙƙin a karanta musu hukuncin a harshen da suke ji, a gaya musu a wane mataki aka yi sakaci da abin da aka canja don kada a sake, kuma malamanmu na Kaduna, waɗanda suka san babin diyya fiye da ni, su ne suka fi cancanta su zauna da hukuma su fitar da lissafin kowane gida.